Dillalin Shanu a Neman Likitan Ƙugu

Shekarun baya, lokacin ban daina zuwa kara ba, matata ta fara ɗingishi. Ni na fara gani tun kafin ita ta yarda. Dillancin shanu na yi tun ina saurayi, a kasuwar Batsari da na kewaye, kuma in akwai abin da Allah Ya ba ni, to ido ne a kan tafiya. Sa zai taho daga nesa in gaya maka ƙafar baya ta hagu tana da magana. Haka wata safiya na ga Hajiya ta ɗauko daron gyaɗa daga bakin rumbu, tana sauke ƙafar dama kamar mai tsoron ƙaya.

Na ce, "Hajiya, ƙafar nan fa?"

Ta ce, "Malam, ka ɗauke idon nan naka daga kaina. Ni ba saniya ba ce."

Ita 'yar ƙauyen Karare ce, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne sana'arta tun muna da ƙuruciya. Duk wanda ya san aikin nan ya san duƙawa ne da tsugunno daga safe har yamma. Ciwon ya fara daga matsematsi, ya sauko gwiwa, ya koma ya zauna a ƙugu. Da farko ta rage aiki. Daga baya ta koma sallah a zaune. Ranar da na san magana ta yi girma ita ce ranar da na ji tana kiran matar ɗanmu ƙasa-ƙasa, wai ta zo ta kama ta zuwa bayi. Matar da ko ruwan alwala ba ta yarda wani ya ɗebo mata. Da ta dawo ta juya fuskarta bango, ba ta ci tuwo ba ranar.

Sai masu dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa a baki. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce shawara, wata ta ce an taka wani abu ne a bakin ƙofa. Wanzami ya yi ƙaho har bayanta ya zama kamar allon ɗan makaranta. Na ɗauko mai ɗori daga Wagini, shi kam Allah Ya saka masa, ya lalluba ya lalluba ya ce, "Ni abin da ya karye nake haɗawa. Wannan bai karye ba, cinyewa yake yi. Ku tafi asibiti."

Daga asibitin garinmu aka tura mu Katsina, aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce mu ga likitan ƙashi. Da muka shiga na fara waige-waige ina neman likitan, don wanda na tarar a kujera siriri ne, babu tumbi, babu furfura ko ɗaya, takalminsa ma na roba. Ashe shi ne. Ya gaishe mu da ladabi, ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, ya sa Hajiya ta kwanta ya jujjuya ƙafar a hankali. Sannan ya ce, "Baba, ka san taɓarya da turmi. Kan ƙashin cinya haka yake juyawa a cikin ƙugu. To na Mama kan taɓaryar ya cinye, turmin ma ya fara zaizayewa. Magani ba zai mayar da shi ba. Sai dai a cire a sa na ƙarfe."

Har nan ba ni da matsala da shi. Abin da ya biyo baya ne ya ɓata mini rai. Ya ce wurin aikin yana iya ruwa. Ya ce ƙarfen yana iya gocewa in ba a kiyaye ba. Ya ce ko an yi nasara, ta yi sallama da tsugunno da zaman tabarma, sai kujera mai tsayi. Ya ce kuma akwai mutane a gabanmu, sai mun jira layi ya zo kanmu.

Na ce, "Likita, to a cikin duk abin da ka lissafa, ina alherin?"

Ya ce, "Alherin shi ne in Allah Ya yarda ciwon zai tafi, ta yi tafiya da ƙafarta. Amma gara in gaya maka sauran tun yanzu."

Na naɗe hoton na sa a hammata. A mota na ce wa Hajiya, yaron nan bai yarda da hannunsa ba, wane mai kaya ne zai zauna yana kushe kayansa?

Da na ba abokina labari, wanda muka yi shekaru muna dillanci tare, sai ya tafa hannu ya ce, "Mutumina, ai kai ka jawo. Ka shiga kasuwar da ba taka ba babu dillali, me kake so a nuna maka in ba ragowa ba? Manyan likitoci ba a samun su a layi. Sai da hanya."

Wallahi maganar nan ta shige ni, don ita ce abin da na sani duk rayuwata. Baƙo in ya shigo kara shi kaɗai, ragowa ake sayar masa. Sai na ɗauka asibiti ma haka yake.

Daga nan na shiga wahalar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Abokina ya san wani mai shayi wanda ƙanen matarsa direban wani babban likita ne a Kano. Muka bi wannan hanya, na kai zabi, na kai galan na man gyaɗa. Da ƙyar muka ga likitan, ashe na ido ne. Aka ce akwai wani akawu a Dutsin-ma da ya san wani wanda ya yi makaranta da wani ƙwararre. Na kai mai, na kai ƙuli-ƙuli. Bayan dogon jira aka ce ƙwararren ya daɗe da barin ƙasar. Aka haɗa ni da wani mai babbar riga a Funtuwa da ake kira dakta, na yi ta duƙa masa, daga baya na gano shagon magani gare shi. Kowa ka je wurinsa zai ce, "Kai, ka zo gidan! Wannan ai ƙaramin abu ne." Daga nan sai ya miƙa ka ga wani, shi ma ya miƙa ka ga wani. Ni da na ci la'adar mutane shekara da shekaru, sai ga ni ana juya ni kamar akuyar da aka kai kasuwa ba igiya.

Matar ɗanmu ce ta karɓi aikin man a lokacin, Hajiya tana daga kwance tana ba da umarni. Wata rana ta ga na sake ɗaukar galan, sai ta ce, "Malam, man gyaɗata dai ya ga likitoci. Ya je Kano, ya je Dutsin-ma, ya je Funtuwa. In ya samu sauƙi ka gaya mini."

A cikin wannan yawo ɗiyata da ke aure a Safana ta zo dubiya. Mijinta malamin makaranta ne, mutum mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da ni. Ta zauna nesa ta ce wai ya ce a gaya mini, akwai wata tsohuwa a unguwarsu da aka yi wa irin wannan aikin, ko zan so a tambayo. Na ce ta ce masa na gode, amma ya bar manya su yi abin da suka sani. Shi ke nan, suruki ba ya maimaita magana. Bai sake ba.

Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, wata daminar ta sake kamawa. Hajiya ta daina fitowa tsakar gida. Cinyar ta tsotse.

Sai ga abokina da murna, wai wannan karon an samu. Wani likita mai asibitin kansa a wani babban gari. Muka je ni da shi. To, wannan kam ya cika ido: ga furfura, ga tumbi, ga ɗaki mai sanyi kamar randa. Ya karɓi hoton ya ɗaga shi sama kamar mai duba sabuwar takardar kuɗi, ya ajiye.

Ya ce, "Alhaji, wannan ai cire ƙaya ne."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Na ce, "Za ta iya tsugunno?"

Ya ce, "Har rawa in tana so."

Na ce, "Babu abin da zai iya ɓaci?"

Ya yi dariya ya ce a hannunsa ba a taɓa ɓaci ba. Ya ce shi ƙaba yana yi, haihuwa yana yi, ƙugu yana yi, duk abin da aka kawo. Ko layi babu, ranar da na shirya ranar za a yi. Na fito ina jin kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Tun a hanya na yanke shawarar sayar da shanun huɗata.

Na iso gida na zayyana wa Hajiya komai, har da maganar rawa. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce in matso, kada matar ɗanmu ta ji.

Ta ce, "Malam, shekara nawa ina jin ka a zauren nan kana yi wa mutane wa'azi? Ba kai kake cewa ba a sayen sa a bakin mai shi ba? Ba kai kake cewa in an ba shi kanwa ya sha ruwa cikinsa ya cika, kada a duba cikin, a kora shi a ga tafiyarsa ba?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "To ni ban kai sa ba ne? Ka ga tumbin likita, ka ji bakinsa. Ka ga tafiyar wanda ya yanka? Ba mai taɓa ni da wuƙa sai ka je ka gano mini da idon nan naka da ya dame ni."

Haushi ya kama ni, kuma ban san wa zan ji wa ba in ba kaina ba.

Da na matsa wa mutumin da ya haɗa abokina da likitan, sai ya ce ai akwai wani a Darini da aka yi wa, yana nan garau. Washegari da hantsi na hau babur, don lokacin hanyar ba ta biyuwa in la'asar ta yi. Na tarar da mutumin a ƙofar gidansa, a kan gadon kara a gindin darbejiya. Sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Muka gaisa, muka tambayi iyali da damina da dabbobi da zaman gari, na yi ta kewaye-kewaye, don ba a fara ce wa dattijo tashi in ga tafiyarka. Shi ya gaji ya ce, "Malam, hwaɗi abin da ya kawo ka."

Na faɗa. Sai ya janye zanen da ya rufe ƙafarsa. Ƙafar ta gajarce, ta juya waje. A gefen ƙugu akwai tsumma a ɗaure, ƙuda na bin sa.

Ya ce, "Ga tahiyar, ka gani. Ranar da zai yi mani, bakinsa zuma. Da wurin ya hwara ruwa na koma, sai ya ce ƙaddara ce. Na ce na yarda da ƙaddara, amma ai ba da ita muka yi ciniki ba. Daga nan kullum na je sai a ce ya yi tahiya."

Na ce to me ya sa ake cewa yana nan garau?

Ya ce, "Duk wanda ya tambaye ni jiki, mi zan ce? Da sauƙi. Kai ne na hwarko da ya ce in buɗe."

A kan babur ina dawowa abu ɗaya nake ta juyawa a raina. Saura ƙiris in kai matata da hannuna.

Na kwana a gida, da safe na wuce Safana. Na aika aka kira surukina daga makaranta. Ya zo ya tsuguna, kansa a ƙasa. Na yi gyaran murya na ce, "Tsohuwar nan da ka taɓa aiko da maganarta." Bai nuna ko a fuska cewa ya tuna amsar da na ba shi ba. Wannan ma ya ƙara mini haushi, da ya yi ɗan murmushi da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Ya kai ni gidan, aka yi mana iso. Tsohuwar tana zaune a kan doguwar kujera tana tsince wake. Da aka gaya mata abin da nake so, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yau ga ikon Allah. Tsoho da gemunsa ya zo kallon tafiyar matan mutane."

Na ce, "Iya, larura ce."

Ta ce, "Na ji. Buɗe idonka da kyau, ba zan maimaita ba."

Ta dafa kujera ta miƙe. Ta taka har bakin randa, ta cika buta, ta juyo, ta dawo. Na zuba mata idon da nake zuba wa bijimin da za a biya da tsada. Dugadugai suna sauka daidai, kafaɗa ba ta karkata, ba ta cije leɓe. Ta zauna ta ce ita ba ta tsugunno, kafinta ya huda mata kujera ta bayi, sallah ma a kujera take sujada, amma barci take yi har da minshari, kuma ranar kasuwa da ƙafarta take zuwa.

Na ce, "Wane ne ya yi miki?"

Ta ce, "Wani siriri ne a Katsina, kamar ba a ba shi abinci. Kafin ya taɓa ni sai da ya tsorata ni, wai yana iya ruwa, wai yana iya gocewa. Na ce ɗan nan, kai likita ne ko mai wa'azin mutuwa?"

Na ce, "Yana sa takalmin roba?"

Ta ce, "Au, ka san shi?"

Surukina yana ta kallon ƙasa kamar ya ga abin mamaki a wurin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan tun ina yaro. Wanda ya koya mini dillanci ya sha gaya mini: mai dabbar da ya ce maka saniyar nan tana harbi, ko ta taɓa ɓari, riƙe shi, da shi ake ciniki. Wanda ya ce tasa ba ta da aibi ko ɗaya, duba ƙofar fita. A kara ban taɓa mantawa ba. Na shiga ɗaki mai sanyi na manta.

Muka koma wurin siririn likitan, ba zabi, ba galan, ba ɗan rakiya. Ya gane mu. Ya ce, "Baba, sannu da dawowa," bai ƙara komai a kai ba. Aka sake hoto. Ya daɗe yana kallo fiye da na farko, ya ce turmin ya ƙara cinyewa, ƙafar ta ɗan gajarce, naman cinyar ya yi rauni saboda dogon kwanciya. Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, amma kada mu sa rai tafiyar za ta koma kamar ta da.

Na ce masa ina da roƙo, kada ya ji haushi: ina so in ga waɗanda ya yi wa. Ya ce ba zai nuna mini kowa da hannunsa ba, amma ranar da suke dawowa a duba su sananniya ce, benci kuma na kowa ne, wanda ya yarda ya yi magana da ni shi ke nan. Na zo ranar na zauna tun safe. Na ga masu sanda biyu, na ga masu sanda ɗaya, na ga waɗanda suka yar da sandar. Na samu wani direba da ya ce nasa ya yi ruwa bayan aiki. Na ce to sai likitan ya yi yaya? Ya ce, "Ya sake buɗewa ya wanke, ya yi ta fama da ni har ya warke. Shi yake nemana ma in na yi latti." Wannan direban ya fi duk masu tafiya garau kwantar mini da hankali.

Muka shiga layin da na raina, muka jira kamar kowa. Shanun huɗa suka tafi, 'ya'ya suka haɗa abin da suka iya, maza biyu daga cikinsu suka ba da jini. Aka yi aiki, Allah Ya ba da sa'a. Ko a nan sai da na so in nuna na sani. Ba a daɗe ba masu gashin ƙashi suka zo wai za su tsayar da ita. Na tare su na ce a garinmu mai ɗori ba ya barin mutum ya motsa sai ƙashi ya kama. Hajiya daga kan gado ta ce, "Malam, don girman Allah je ka sayo lemo." Na ce akwai lemo. Ta ce, "To je ka sayo wani." Kafin in dawo na tarar da ita a tsaye, ta riƙe ƙarfen dogarawa, gumi na zuba, tana dariya tana hawaye.

Bayan mun dawo gida da wasu watanni, wata safiya ina zaune a tsakar gida ta fito ba sanda. Ta tafi bayi ita kaɗai, ta ja ƙyaure, ta fito, ta ɗebi ruwan alwalarta da kanta. Sannan ta bi ta gabana a hankali har bakin rumbu, ta juyo ta tsaya.

Ta ce, "To, sarkin dillalai, ka ga tafiya. Taya."

Na ce, "Ai ba ni da abin sayen wannan."

Ta ce, "Da ma ko ka taya albarka zan ce."

Yau in wani ya zo mini da maganar aikin ƙugu, ba na ba shi sunan kowa, ba na cewa na san wani wanda ya san wani. Ina ce masa ya tambayi likitan abin da zai iya ɓaci, ya ga ko zai faɗa. Ya tambaye shi ko wannan aikin ne sana'arsa, ko kuwa komai da ruwanka ne. Sannan ya je ya zauna a benci ya kalli tafiyar mutane, ya nemi wanda nasa ya ba da wahala ya ji yadda aka yi da shi. Kuma in surukinsa ya aiko da magana, ya saurara tun a karon farko.

Hajiya tana nan, tana zuwa suna da biki, tana zaune a doguwar kujerarta tana yi wa masu tuyar ƙuli-ƙuli faɗa. Maƙwabta suna cewa ta warke sarai, ba abin da ya rage. Ita ma haka take cewa. Amma akwai ɗan jinkiri a ƙafar dama, ɗan kaɗan, kafin diddige ya taɓa ƙasa. Likita ya ce na dogon kwanciyar nan ne. Ba mai ganinsa a duk Batsari sai ni, kuma kullum da safe in ta nufi randa sai na gan shi.